Zancen Gida Da Makaranta: Kwamfuta Daidai Aljihu

A watan nan mun so mu ci gaba da zancen karatun yara da dare, sai wata magana ta same mu a ƙofar makaranta, muka ga gara mu kawo ta nan tun ba a gama sayar da amfanin gona ba.

Wani dattijo ne daga wajen Bunkure, uban wani yaro da muka koyar shekarun baya, ya zo mana da takarda a naɗe cikin aljihu. Ɗan nasa yana shirin jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 ba a yin ta sai a kan kwamfuta, yaron kuwa bai taɓa zama gaban kwamfuta na awa ɗaya cikakkiya ba. Uban ya yi niyya ya saya masa ta tebur, domin ƙannensa ma su koya, wata rana kuma a riƙa buga wa mutanen gari takardu a sami na gishiri. Wani abokin yaron ya ce musu ya fi sauƙi a sayi kayan ɗai-ɗai a haɗa, shi ne ya rubuta musu abin da za su saya. Dattijo ya ce, "Malam, ni ban san kan abin nan ba. Shinkafa na sayar a Kura, kuɗin kuwa ga su. Ka duba mini, kada in zuba gumin shekara a rijiya."

Muka buɗe takarda. A sama an rubuta Core i7 da manyan baƙaƙe. Ƙarƙashinsa katin hoto irin na masu wasanni, sa'an nan gidan kwamfuta mai gilashi da fitilu masu launi. Can ƙasa, kamar an tuna da shi ne bayan an gama, aka rubuta, "akwatin wuta, kowane iri." Muka ce masa, "Baba, takardar nan a kife take. Abin da ke ƙasa shi ya kamata ya hau sama."

Mu mutanen wannan yanki bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ne ke bin babbar hanya ya rarrabu zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Kowane manomi ya sani, kome kyan irin da ya shuka, kome yawan takin da ya zuba, idan ruwa ya zo da ƙarfi ya fasa kunya, ko ya yanke a lokacin da shinkafa ke ciki, aikin ya tashi a banza. To, akwatin wuta, wanda masu shago ke kira fawa-fak, shi ne ƙofar ruwan kwamfuta. Shi ke karɓar wutar bango ya mai da ita 'yar ƙarama daidai da abin da kowane sashi ke bukata. Idan mai kyau ne, wuta ta yi tsalle, yakan kashe kansa ya tsare sauran kaya. Idan marar kyau ne, yakan mutu ya tafi da 'yan'uwansa.

Ba ji muka yi ba, gani muka yi. Shekarun baya mun haɗa kwamfuta ɗaya domin ofishin makarantarmu. Kuɗi suka ƙare mana a kan sauran kaya, sai muka karɓi wani akwatin wuta mai araha a wani shago, an manna masa takarda mai cewa wat 600 ne, amma in ka ɗaga shi kamar gwangwanin madara marar kome. Bai yi zangon karatu ɗaya ba. Wata rana aka ɗauke wuta aka maido da ita da ƙarfi, muka ji ƙara, muka ji ƙauri. Ya tafi da babban faranti, ya tafi da faifan ajiya, sakamakon jarrabawar yara na aji uku yana ciki. Mako biyu muka yi muna sake lissafi da hannu daga takardun amsa, da fitila. Laifin namu ne, gama mun san araha ba ta ado, muka rufe ido.

Saboda haka ga shawararmu a kan wannan. Kwamfutar karatu da buga takardu ba ta bukatar akwati mai yawan wat. Na wat 400 ko 450 ya isa har ya yi saura, muddin na kamfani ne sananne. A duba ko yana da tambarin 80 Plus, watau shaidar cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja yana zuwa ga aiki, ba ya zama zafi. Tambari kuwa ana iya buga na jabu, don haka a ɗaga shi a ji nauyi, a kuma nemi garanti a rubuce a kan rasit. Akwai wani abu kuma da ya sha ƙona wa mutane kaya. Waɗansu tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan makunni a baya, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya gefen 230. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa wajen rabin haka. Idan kayan na hannu ne daga Amurka, mai yiwuwa makunnin yana kan 115, ka sa a bango haka, kafin ka ƙifta ido ya ƙone. A duba kafin a kunna.

Cikin lissafin kuɗin kuma tilas a sa sitabilaiza da UPS tun daga farko, kada a ce sai an samu. Sitabilaiza yana daidaita wutar da ta zo da rauni ko da ƙarfi, UPS kuwa yana da batir da zai riƙe kwamfuta 'yan mintoci idan an ɗauke wuta, har a adana aiki a kashe ta da ladabi. Wanda ba shi da kuɗin waɗannan biyu, a ganinmu bai kai ga sayen kwamfutar tebur ba tukuna, gara ya nemi ta hannu mai batir a jikinta. Da damina kuma in hadari ya taso da tsawa, a zare waya daga bango gaba ɗaya.

Yanzu sai mu koma ga Core i7 ɗin da yaro ya ɗora wa rai. Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, wannan gaskiya ne. Amma sunan i3 da i5 da i7 kaɗai ba ya gaya maka kome sai ka san zubin da aka yi shi. Kamfanin Intel yana fito da su ne zubi-zubi, lambar da ke bin sunan ita ce ke faɗa. In ka ga i7-3770, ukun nan na farko yana nufin zubi na uku, na shekarar 2012. In ka ga i5-8400, zubi na takwas ne, na 2017. In ka ga i3-12100, zubi na goma sha biyu ne, na 2022, wannan i3 kuwa ya fi wancan tsohon i7 gudu nesa ba kusa ba. Mai shago da ya ce maka "i7 ce" ya yi shiru, bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba. Kamar a ce maka doki ne, ba a gaya maka shekarunsa ba.

Zubin yana da muhimmanci ta wata hanya kuma. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba a watan Oktoba na 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar furosesa na Intel da bai kai zubi na takwas ba, sai 'yan kaɗan ƙwarai, na AMD kuma daga Ryzen 2000 zuwa sama. Tun da haka ne, kada a sauka ƙasa da zubi na takwas. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kada ya yar, ana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, yaro kuma zai koyi bugu da rubutu a kansu sarai.

Katin hoto kuwa mun soke shi daga takardar dattijo ba tare da jinkiri ba. Yawancin furosesa na Intel suna da abin nuna hoto a cikinsu, sai waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin F, su kam ba su da shi. A wajen AMD, a kan faranti mai gurbin AM4, sai a nemi mai harafin G, kamar Ryzen 5 5600G. Wannan ya isa karatu, ya isa kallon darasi, ya isa buga katin biki. Katin hoto na dabam yana da tsada, yana kawo zafi, sau da yawa kuma shi kaɗai yana shan wuta fiye da sauran kwamfutar duka. Mai sola da inbata ko ɗan ƙaramin janareta zai ji a jikinsa. Mun lura yaron bai ji daɗin wannan ba. Mun san dalili, mu ma muna da 'ya'ya, mun kuma san ba JAMB ake yi da katin hoto ba.

Kuɗin da aka tsira da su nan sai a kai su wuri biyu. Na farko RAM. Ku ɗauke shi kamar filin shanya. Kome ƙarfin masu aiki, in filin ƙarami ne, sai an kwashe wannan shinkafa kafin a baza waccan. Gigabait 4 ya yi kaɗan a yau, 8 shi ne mafi ƙanƙanta da za mu yarda da shi, in an sami sanda biyu masu 4 ko biyu masu 8 iri ɗaya ya fi sanda ɗaya, gama hanya biyu ta fi ɗaya saurin wucewa. Farashin RAM ya tashi ƙwarai a duniya a ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanoni masu aikin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi, don haka wanda ya sami na hannu mai lafiya kada ya raina. RAM ba ya cika lalacewa da tsufa.

Na biyu wurin ajiya, watau rumbu. Tsohon faifai mai juyawa yana da faɗi da araha, amma yana da nawa, kuma ɗaukewar wuta da jijjiga suna yi masa lahani. SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, ko mai sauƙin cikinsu yana karatu wajen megabait 500 a daƙiƙa, ninki uku ko huɗu na faifai mai juyawa, a wajen tashin kwamfuta kuwa bambancin ya fi haka. SSD mai gigabait 256 ya fi faifai mai 1000 amfani ga ɗan makaranta. Shi da akwatin wuta, su biyun nan a saye su sababbi. Furosesa, da RAM, da gida, da allon kallo, da kibod, duk ana iya sayen na hannu in an gwada a gabanka.

Babban faranti, wanda ake dasa kome a kansa, ba sai mai tsada ba, amma tilas ya dace da sauran. Nan ne masu sayen kaya ɗai-ɗai ke faɗuwa. Kowane furosesa yana da gurbinsa, na AMD ba ya shiga na Intel, a cikin Intel ma zubi na goma da na sha ɗaya gurbinsu LGA1200 ne, na sha biyu zuwa sha huɗu LGA1700. Akwai ma tarko a LGA1151, gama zubi na shida har zuwa na tara duk sunan gurbinsu ke nan, amma farantin zubi na shida da na bakwai ba ya aiki da na takwas. RAM kuma DDR3 da DDR4 da DDR5 kowanne tsagarsa dabam, ba a tilasta shi. Maganin wannan mai sauƙi ne. A sayi faranti da furosesa da RAM a shago ɗaya, rana ɗaya, a sa mai shago ya haɗa ya kunna a gabanka kafin kuɗi su bar hannunka. Daga Kura zuwa Kano ba nisa, shagunan titin Beirut da na Farm Centre suna nan, amma zuwa sau uku domin musanya kaya ya cinye ribar da aka ce za a samu.

Za mu faɗi gaskiya kuma, ko da ba ta yi wa masu son haɗawa daɗi ba. Wani lokaci tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP, zubi na takwas ko sama, wadda aka ƙara wa RAM aka sa wa sabon SSD, ta fi haɗin ɗai-ɗai sauƙin kuɗi. Aibinta ɗaya, da yawa daga cikinsu akwatin wutarsu da wayoyinsa na musamman ne, in ya mutu ba kowane ne zai shiga ba. A tambayi farashin hanyoyin biyu kafin a yanke.

Gida mai gilashi da fitilu ma mun soke. Abin da ake nema a gida shi ne iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, gama zafin watan Afrilu a ƙasar Kano yakan haura digiri 40. Ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayi daga injinan casar shinkafa. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa, a ɗora ta a kan tebur, a rufe ta da zane in an kashe, amma ba tana aiki ba. Bayan kowane wata biyu ko uku a zare waya, a buɗe, a hure ƙurar. A lokacin sanyin nan kuma, da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ɗan ja shi, wannan 'yar wutar jiki tana iya kashe RAM, don haka a taɓa ƙarfen gidan tukuna kafin a sa hannu ciki.

Ranar Asabar muka raka dattijo da ɗansa Kano. Ya dawo da i5 zubi na takwas, da RAM mai gigabait 8, da sabon SSD, da akwatin wuta mai nauyi, da sitabilaiza da UPS, cikin wani baƙin gida marar ado mai ɗan lotsawa a gefe. Yaron bai ce uffan ba tun daga Kano har Kura. Kuɗin da suka rage uban ya ce na takin noman rani ne. Jiya ƙanwar yaron ta zo makaranta tana tambayarmu yadda ake buga ƙ da ɗ da ɓ, muka gaya mata Windows tana da tsarin kibod na Hausa, sai dai a zaɓe shi a wajen harsuna. Wannan za mu yi bayaninsa dalla-dalla a wata mai zuwa, in muna da rai.