Ku faɗa mana lambar jirgin, suna kaɗai bai isa ba

Duk shekara in jigilar mahajjata ta matso, sai ka ji ana buga ƙirji: bana Boeing ne zai kwashi alhazanmu, bana Airbus ne. Mu kuma mu hau Facebook muna ta tafi. To ni dai sunan nan bai kwantar mini da hankali.

Je ka kasuwar dabbobi ta Badaguishiri ka nemo mini dillalin da zai sayi sa don kawai an ce masa azawak ne. Sai ya buɗe bakin ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Ɗan kabu-kabu ma ya sani: moto biyu, kamfani ɗaya, rana ɗaya aka ɓare su daga kwali, amma bayan wata shida ɗaya na shan mai kamar an huda tanki.

Jirgin sama ma haka yake. Kowane da nauyinsa, da awannin da injinsa ya yi, da irin gyaran da ya sha. Kamfanonin da kansu suna sa wa kowane jirgi nasa lissafin shan mai a kwamfutarsa, don sun san ba ɗaya suke ba. Injin da ya sha aiki ya fi saurin ɗaukar zafi wajen tashi, bare a zafin Yamai.

Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi samfurin DC-8 da Nigeria Airways ta yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato, nan maƙwabtanmu bayan Konni. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Makanikai sun san da haka kwanaki kafin nan, an gyara lambobi a takarda, an ce a tafi kada a makara. Taya ta fashe wajen tashi, wuta ta kama, aka naɗe ta cikin jirgi. Mutum 261, ko ɗaya bai fita ba. Sauran DC-8 na duniya sun ci gaba da tashi lafiya lau. Wancan ɗin ne aka ƙi duba wa taya.

Wani zai ce ai ajali ne. Na yarda, amma da wanda ya ce a tashi hakanan.

Kowane jirgi yana da lambarsa a jiki: namu na Nijar da 5U suke farawa, na Najeriya da 5N. Da lambar nan ko a waya kana iya ganin shekarunsa da hannun da ya bi. Shi ya sa nake kira ga COHO mai shirya aikin hajji da ANAC mai kula da jiragen farar hula: kafin tashin farko, ku buga lambar kowane jirgi, da mai shi na ainihi in na haya ne, da ranar babban gyaransa na ƙarshe, da sunan hukumar da ta duba shi. Tsofaffinmu shanu da albasa suka sayar suka biya kujerar nan, wasu shekara goma suna tari.