Kuɗin Mota Ba Shi Ne Guzuri Ba

A damanar da ta wuce mun yi wa wani saurayi sutura a nan Kumasi, har yau ba mu san sunan mahaifinsa ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi kwana huɗu a rumfar wani mai shayi kusa da tasha, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da yake da Hausa yake magana, sai aka aiko fadar mai unguwa, domin mu ake nema idan baƙo ya rasu. Muka zazzage jakarsa, muka tarar da riga biyu, da carbi, da 'yan kuɗin da ba su isa likkafani ba, da waya a kulle da lambar sirri. Babu katin shaida, babu takarda mai suna. Mai shayin ya ce ya taɓa jin yana cewa daga wajen Damagaram ya fito, wajen Damagaram kuwa ƙasa ce mai faɗi. Muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa, muka rubuta a littafin fada cewa baƙo ne, namiji, ɗan kimanin shekara ashirin. A wani ƙauye akwai tsohuwar da har yanzu take jiran kiransa, tana ba shi uzuri cewa sabon wuri ne, bai gama zama ba.

Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Akwai wani yabo da ya yaɗu a bakin samarinmu, na gwarzon da ya tara kuɗin mota a ɓoye, ya sulale da asuba bai sallami kowa ba, ya tsallake ƙasashe shi kaɗai da jaka ɗaya. Ana kiran wannan jarumta, ana kuma kiransa tattali. Mu da muke karɓar waɗanda suka iso, muke binne waɗanda suka faɗi, muna cewa ganganci ne, kuma ita ce tafiya mafi tsada da talaka zai iya yi.

Kada a ce muna ƙin tafiya. Mu 'ya'yan tafiya ne, sunan unguwar da muke zaune ma, zango, sunan masaukin ayari ne. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, suka yi watanni a hanya zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja domin goro. Malam Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karachi a 1934, ta wannan hanyar ya zo. Amma a duba yadda suke tafiyar. Ayari yana da madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya a kan fito da kuɗin ƙasa. Yana da jagaba da ya san rijiya da mashigin kogi. Yana da malami mai addu'a da rubuta wasiƙa. Idan aka sauka kuma akwai fatoma, mai masaukin da zai ba baƙo ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Mai jaki ɗaya da mai jaki hamsin duk a inuwar tsari guda suke. Talaka ya fi kowa amfana da ayari, domin shi ne ba ya iya sayen kariya da kuɗinsa.

Yanzu a zo ga lissafin da saurayin yau yake yi. Yana tambayar kuɗin mota daga garinsu zuwa Kumasi ko Akra, idan ya haɗa su ya ce guzuri ya kammala. Wanda ya biyo ta Legas zai ƙetare iyaka uku, ta Seme, da ta tsakanin Benin da Togo, da ta Aflawo. Nairarsa za ta koma sefa, sefar ta koma sidi, kowane canji kuma ɗan canji zai yanki rabonsa, ya fi yanka idan ya ga baƙon ido. Wanda ya biyo ta Yamai da Wagadugu ya shigo ta Paga, shi ma shingaye na jiransa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, amma ga mai takardar shaida ta ba wa. Wanda ba shi da katin shaida ko fasfo, ba shi da katin rigakafin shawara, zai yi ta sayen hanya da kuɗinsa shinge bayan shinge, har abin da ya ƙi kashewa wajen yin takarda ya kashe ninkinsa. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025 kuwa, ɗan waɗannan ƙasashe ya fi kowa bukatar ya tambaya kafin ya ɗaga ƙafa.

Idan ya iso, sai lissafi na biyu ya taso, wanda bai taɓa jin labarinsa ba. Dokar haya ta Gana ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa a nan ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema kafin a miƙa mabuɗi. Wanda ya sauka da canjin kuɗin mota ina zai samo wannan? Sai ya kwana a barandar kanti a Kejetiya, sauro ya yi ta cinsa. Wanda ke kwana a baranda ba ya zaɓen aiki, ba ya ciniki a kan lada. Duk wanda ya ce masa zo, zai bi, ko da ramin galamse ne, inda ƙasa ke rufta wa masu haƙar zinariya. Abin da ya yi tattalinsa a hanya, da lafiyarsa yake biya bayan ya sauka. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce araha ba ta ado.

Wani zai ce ai ba shi kaɗai ba ne, motar cike take da mutane. Taron cikin mota ba ayari ba ne. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu mutanen Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Suna da yawa, amma babu wanda ya ɗauki amanarsu, babu kuma wanda yake ƙirga kwanakinsu a ɗaya bakin da zai tashi nema tun da wuri. Abin da ke mai da taro ayari shi ne a sami wanda za a tambaya idan ba a iso ba.

Mun san amsar da samari ke ba mu, kuma ba duka ce ta banza ba. Suna cewa idan suka faɗa za a hana su, ko baki ya bi su, ai ma an koya mana rufe sirrin bukata har ta biya. Haka ne, amma daga mahassada ake ɓoye bukata. Uwar da ta haife ka ba ta cikinsu. Malaman da suka karantar da mu rufe sirri su ne suka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙyamaci mutum ya yi tafiya shi kaɗai, ya kuma yi umarni idan mutum uku suka fita su shugabantar da ɗayansu. Suna cewa kuma talauci ne ya koro su, mai jin yunwa ba ya jiran ayari. Wannan ma mun ji. Sai dai rubuta sunanka da na mahaifinka da na garinku da lambar wayar wani naka a takarda, ka soke a aljihu, ba ya cin ko sisi. Neman sunan mutumin garinku da ya riga ka zuwa, ka kira shi kafin ka taso, bai kai kuɗin shinge ɗaya ba.

Akwai amsa ta uku, wadda ta fi yi mana ɗaci, domin mu take nuna wa yatsa. Suna cewa ko sun zo da sallama, wa zai sauke su? A nan dole mu sunkuyar da kai. Zaurukan da kakanninmu suka gina domin baƙo, da yawa mun toshe ƙofarsu ta ciki, mun mai da su shagunan haya. Masallatai muna kulle su bayan lisha. Muna fitar da zakka, muna manta cewa matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ambata. Muna cewa baƙonka annabinka a bakin mumbari, idan ya yi sallama mu ce babu wuri. Mu da iyayenmu suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, suka ga maƙwabta na sayar da gida da arha suna hawa manyan motoci, bai kamata a koya mana zafin rashin masauki ba. Idan yaro ya zaɓi barandar kanti a kan zauren ɗan'uwansa, a binciki zauren.

Don haka kiranmu biyu ne. Ga sarakunan zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gari, daga Kumasi da Tamale har Nima da Sabon Zango na Akra: kowace unguwa ta ware ɗaki ɗaya na baƙo, ta ajiye littafin da za a rubuta sunan wanda ya sauka da garinsu da lambar danginsa, a kuma sami mutum ɗaya da aka sani a tasha wanda za a nuna wa sabon zuwa. Wannan bai fi ƙarfin unguwar da ke iya tara kuɗin biki ba. Ga ɗanmu mai niyyar tasowa kuma: ka sallami mahaifanka, ka yi takardunka, ka nemi abokin hanya ko ɗaya ne, ka san sunan wanda za ka sauka wurinsa, ka kuma riƙe kuɗin komawa dabam, kada ka taɓa su. Idan waɗannan ba su samu ba, guzurinka bai cika ba, ka ƙara haƙuri har ya cika.

Wayar saurayin nan tana nan a akwatin fada. Mukan sa mata caji lokaci-lokaci, ko Allah zai sa wani nasa ya kira mu amsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sada labarinsa da mahaifiyarsa, Ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya.