Goyon bayan jama'a ga mulkin soja a Nijar

Goyon bayan jama'a na daga cikin abubuwan da suka taimaka wa sojojin Nijar ci gaba da riƙe mulki bayan kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023.

Asali

Kafin juyin mulkin, mutane da yawa sun gaji da hare-haren 'yan bindiga a jihohin Tillaberi da Diffa, suna kuma zargin 'yan siyasa da biyayya ga Faransa. Da ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, sai fushin talakawa ya koma kan ƙasashen waje. Ranar 6 ga Agusta, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché a Yamai don mara wa sojoji baya.

Tasiri

Irin waɗannan taruka sun ba Janar Abdourahamane Tiani hujjar cewa da yawun jama'a yake mulki. Wanda ya soki gwamnati kuwa akan kira shi ɗan koren Turawa, abin da ya sa wasu suka kama bakinsu. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Tiani na shekara biyar ba tare da zaɓe ba.

Muhawara

Auna wannan goyon baya na da wuya, domin an dakatar da RFI a 2023 da BBC a 2024. Inda babu zaɓe, shirun mai tsoro da na mai yarda duk ɗaya ne a kunnen mai mulki.