Sankarar fankiriyas: Naman wa ake raino a ɗakunan gwaji?

A shekarar 2015, masana ƙarƙashin jagorancin David Tuveson na Amurka da Hans Clevers na ƙasar Holan suka bayyana nasarar rainon ƙwayoyin sankarar fankiriyas a ɗakin gwaji. Fankiriyas ita ce gaɓar da ke kwance bayan tumbi, mai samar da insulin. Akan yanko ɗan nama daga ƙarin da ke jikin majiyyaci, a rene shi har ya zama 'yan dunƙule masu halayen cutar mai shi, sannan a gwada magunguna a kansu.

Cuta ce mai wuyar sha'ani. Ko a Amurka, kimanin 13 cikin 100 ne ke kai shekara biyar bayan gano ta. Maganin zaburar da garkuwar jiki, wanda ya kai James Allison da Tasuku Honjo ga kyautar Nobel a 2018, ya taimaki masu sankarar fata da ta huhu, amma a nan ya ci tura, in ban da ga tsiraru. Ƙarin kan kewaye kansa da nama mai tauri tamkar ganuwa, dakarun jiki su rasa ƙofar shiga. Shi ya sa yanzu ake haɗa dunƙulen da ƙwayoyin garkuwar majiyyaci wuri guda, a ga inda yaƙin ke lalacewa. Dunƙulen dai ba su da jijiyoyin jini, kuma kayan gwaji ne kawai, kada wani ya tallata su da sunan waraka.

Abin da ya shafi Najeriya shi ne, kowane dunƙule na ɗauke da gadon halittar wanda aka ciro shi daga jikinsa. Galibin wannan aiki a Turai da Amurka da Asiya ake yin sa, alhali a Amurka ma baƙar fata sun fi kamuwa da cutar. Tun Disamban 2022 dokar Amurka ta daina wajabta gwajin sabon magani a kan dabbobi, don haka irin waɗannan samfura za su ƙara tasiri wajen tantance magungunan da za a sayar wa duniya, har da Najeriya.

Hukumar binciken sankara ta ƙasa, NICRAT, wadda dokar 2017 ta kafa, ita ya kamata ta jagoranci tanadin rumbun adana naman majiyyata, bisa yardarsu a rubuce. Abin da ake buƙata da farko firji ne mai tsananin sanyi, da lantarkin da ba ya yankewa, da ƙwararrun da albashi zai hana su ƙaura. Masu tsara kasafin Ma'aikatar Lafiya su ware wa rumbun nasa kason.