A Koya Wa 'Yan Jarida Lissafin Kuɗi

Jama'a, a ƙasar Hausa kalmar "an faɗa a rediyo" ta isa ta kashe gardama. Manomi da ɗan tireda da matar aure a cikin gida duk sukan ɗauki abin da suka ji daga bakin mai ba da labari tamkar yankan wuƙa. To, wanda aka ba shi irin wannan amana, ya kamata ya karanta wa mutane batun kuɗi alhali shi kansa bai fahimce shi ba? Ni dai na ce bai kamata ba. Tilas ne a zaunar da 'yan jarida da ma'aikatan rediyo da talabijin a koya musu tushen tsimi da tanadi, kamar yadda aka zaunar da ku aka koya muku baƙi da wasali.

Ga misali. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024. Da ta sake ma'aunin da take awo da shi, sai lissafin Janairu 2025 ya koma kashi 24.48. Wanda ya ji an ce "hauhawar farashi ta sauka" sai ya zaci kaya sun yi araha, ya je kasuwa ya tarar ba haka ba, ya ce an yi masa ƙarya. Ga yadda abin yake. Mudun da ake sayarwa naira 1,000, in ya hau da kashi 34, ya zama 1,340. In baɗi ya hau da kashi 24, ya zama wajen 1,660. Watau dokin yana nan yana tafiya, sukuwa kawai ya rage. Wannan bayani bai fi minti ɗaya ba, amma sai wanda ya sani ke iya yin sa.

Haka kuma a 2014 aka sake ƙididdige arzikin Nijeriya, ya tashi sama da dala biliyan 500, aka ce ta fi kowace ƙasa a Afirka. Lissafi ne aka gyara, aka shigar da sana'o'in da dā ba a ƙirga su sosai, kamar wayar hannu da finafinai. Tukunyar kowa tana nan yadda take a daren jiya. Ɗan jaridar da bai gane wannan ba, sai ya buga tambari a inda babu sarauta.

Sai kuma batun kasafin kuɗi. Tsakanin "an ware" da "an saki" da "an kashe" akwai tafiya mai nisa. Ana iya ware wa asibiti kuɗi a takarda, shekara ta ƙare ba a aza ko bulo ɗaya ba. Kuma biliyan ɗaya miliyan dubu ce. In kana ƙirga naira ɗaya kowane sakan, dare da rana, za ka gama miliyan cikin kwana 12, amma biliyan sai ka haura shekara 31. Wanda ke musanya waɗannan kalmomi biyu a bakinsa, ina zai iya tambayar kwamishina inda kuɗin jama'a suka shiga?

Mafi muni duka shi ne sha'anin 'yan damfara. A 2016 wani shiri da ake kira MMM ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. Ɗauki alƙalami ka buga da kanka: naira 100,000 in ana mai da ribar kan uwar kuɗi, cikin wata 12 sai ta haura miliyan 2 da dubu 300. Wace gona ce ke ba da haka? Wane fatauci ne? Kuɗin na baya ake ba na gaba, ran da sababbin shiga suka yanke sai ginin ya rushe. A Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane. A Afrilu 2025 kuma wani mai suna CBEX ya tafi da dukiyar jama'a ta wannan hanya. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma aikin mai ba da labari ne ya faɗi haka tun kafin a yi kuka.

Wani zai ce ai ɗan jarida ɗan aike ne, abin da aka ba shi zai isar. Wannan magana ba ta da kai. Ɗan aiken da aka ba shi guba ya kai wa maƙwabci, ya ce bai san abin da ke cikin ƙwarya ba, wa zai wanke shi?

Akwai kuma aljihun ɗan jaridar kansa. Da yawansu albashinsu kaɗan ne, wani ma sai a yi watanni ba a biya shi ba. Wanda ba shi da tanadi, bashi ya yi masa katutu, shi ne ke miƙa hannu ya karɓi na goro bayan taro, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A biya shi hakkinsa kan kari, sannan a koya masa tsara abin da ya samu, da auna kuɗin ruwa kafin ya ci bashi.

Saboda haka muna kira ga jami'o'in da ke koyar da aikin jarida, irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, da masu gidajen rediyo, su mai da wannan darasi wajibi, kuma a yi shi da Hausar da za a fita da ita a iska. Kai kuwa mai karatu, tun da Allah ya sa ka iya baƙi da lissafi, kome ka ji game da kuɗi ka buga shi a takarda tukuna, kana ka kwance bakin jakarka.