Wuƙa mai zanen ruwa: a duba kafin a biya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ana gab da Sallar layya muka je rangadin cibiyoyin yaƙi da jahilci a wani ƙauye na jihar Maradi. Da aka tashi daga karatu, sai wani ɗalibinmu mahauci ya zaro wata wuƙa daga kube yana nuna wa jama'a. Jikinta duk zane ne, fari da baƙi, kamar sawun ruwa a kan yashin gulbi. Mai sayarwa ya gaya masa wuƙar Sham ce, ba ta dakushewa har abada. Jika 15 ya biya, kuɗin da zai cika buhu rabi da hatsi. Da muka koma bayan wata 2, zanen ya goge duk inda dutsen washi ya taɓa, bakinta kuma ya lanƙwashe tun ranar da ta haɗu da ƙashin rago.

Ana tallar irin waɗannan wuƙaƙe a kasuwa, ana kuma nuna hotunansu a wayar salula. Ra'ayinmu a kansu shi ne: zane ba ya yanka nama. Wanda zai fid da guminsa ya saya, ya kamata ya san na gaske da jabu, ya kuma san cewa ko na gasken ma sai an gwada shi.

Wuƙa mai zane iri 3 ce

Ta farko ita ce ta asali. Sunan ya samo tushe daga Dimashƙa, babban birnin Siriya. Ƙarfen kuwa a kudancin Indiya da tsibirin Sirilanka ake narka shi cikin ƴan tukwanen yumɓu rufaffu, fatake su kai dunƙulensa Farisa da Sham a ƙera takubba. Zanensa daga cikin jikin ƙarfen yake fitowa, domin sinadarin gawayi da masana ke kira karbon ya yi yawa a cikinsa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Wannan sana'a ta soma ja baya a ƙarni na 18, daga baya ta ɓace. Sai a 1998 wani masanin ƙarfe na Amurka, John Verhoeven, da wani maƙeri, Alfred Pendray, suka bayyana cewa ɗan ƙanƙanen sinadarin banadiyam da ke cikin tamar yana taimaka wa zanen ya fito. Tsofaffin takubban nan yau a gidajen tarihi da hannun attajirai suke. Duk wanda ya ce zai ba mu ɗaya a kan jika 15, wasa yake da hankalinmu.

Ta biyu ita ce ta ninki, wadda yawancin maƙeran yau ke yi. Ana jera faifayen ƙarfe iri 2, ɗaya bisa ɗaya, a zuga wuta har su yi fari, a daka su haɗe, a miƙe, a ninke, a sake dakawa. Faifai 10 in aka ninka su sau 5 sun zama 320. Bayan an gama ƙira sai a tsoma wuƙar cikin ruwan asid: ƙarfen da ke da nikel ya tsaya fari, ɗayan ya yi baƙi, zane ya bayyana. Wani maƙerin Amurka, Bill Moran, shi ya sake fito da wannan aiki fili a 1973. Aiki ne mai cin gawayi da ƙarfi da kwanaki, shi ya sa ba ya araha.

Ta uku ita ce jabu. Ƙarfe guda ne, sau da yawa marar kyau, aka zana masa ado a bisa da asid ko da injin haske mai ƙuna da ake kira leza. Zanen bai wuce fatar ƙarfen ba, kamar lalle a hannun amarya. Kwaikwayon alama ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Takubban Abzinawa da yawa na da, ƙarfensu daga Turai ya zo, har da garin Solingen na Jamus, kuma maƙeran gida sun riƙa buga tambarin jinjirin wata irin na Turawa a kan nasu. Tun lokacin, mai hankali ƙarfe yake dubawa kafin tambari.

Yadda za mu gane

1. Mu juya wuƙar mu dubi gadon bayanta da wutsiyar da ta shiga ƙota. A ta ninki, sirara-siraran layuka suna bayyana a nan, kuma zanen gefe yana gangarowa ya haɗu da su. A ta jabu, zanen yana tsayawa cak a gefe, bayan kuma sumul yake. Amma wani maƙeri yakan goge bayan ya yi ƙyalli, don haka wannan shaida ita kaɗai ba ta isa ba.

2. Mu ce a fito mana da wuƙaƙe 2 ko 3 mu jera su. Guduma ba ta yin zane iri ɗaya sak sau biyu. In kowane lanƙwasa na wannan yana daidai wurin na waccan, to, inji ne ya buga su kamar atamfa.

3. Gwajin da ya fi tabbas shi ne na tsami. A goge wani ɗan wuri da takarda mai yashi irin ta kafinta har zanen ya ɓace, a ɗiga ruwan lemun tsami, a bar shi wajen rabin awa. In ninki ne na gaske, layukan za su sake fitowa, domin suna cikin ƙarfen. In jabu ne, wurin zai yi duhu bai ɗaya. Ƙarfe marar tsatsa ne kawai lemu ba ya kamawa.

4. Kada mu tsorata don bakin wuƙa ba shi da zane. Maƙeran Japan sukan sa ƙarfe mai tauri a tsakiya, su lulluɓe shi da na ninki dama da hagu. Irin wannan ba ha'inci ba ne.

Ko ta gaske ce, da sauran magana

Ana iya ninka ƙarfen banza a samu zane mai kyau, kyan ɗan maciji. Abin da ke ba wuƙa kaifi mai daɗewa shi ne ingancin ƙarfen, da yadda maƙeri ya tsoma shi cikin ruwa ko mai yana ja zur, sannan ya ɗan sake ɗumama shi don kada ya karye. Mu goga magagari a bakinta. In ya zame, ƙarfen ya yi tauri. In ya ci shi kamar ƙusa, mu mayar wa mai ita.

Akwai kuma zancen lafiya. In faifayen ba su haɗe sosai ba, ƴan tsage sukan buɗe tsakaninsu. Jini da kitse su maƙale a ciki, sabulu ba ya kai wa gare su, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, gobe a yanka naman da yara za su ci da ita. Mu duba wuƙa a hasken rana, mu bi jikinta da farce. In farce ya maƙale a tsaga, ba ta cancanci shiga gidanmu ba. Dakusasshiyar wuƙa kuma tana zamewa ta sari hannun mai fiɗa, tana wahal da dabba wajen yanka, alhali malamanmu kullum suna horon a wasa wuƙa a hutar da abin yanka.

Saboda haka shawararmu ita ce, manomi da mahauci su fara duba maƙerar garinsu. Maƙerin da ke ƙera mana hauya da lauje yana yin wuƙa da tsohon ƙarfen mota, tana kuma yin shekaru tana aiki. In ta lalace mun san ƙofar gidansa. Wanda kuma ya ga mai zane yana so, kuma yana da hali, ba mu hana shi ba. Sai dai ya yi ciniki bisa sharaɗin gwaji, ya sa a rubuta masa takardar shaida mai suna da kuɗi da kwanan wata, ya karanta da kansa kafin ya biya. Amfanin karatun da muke yi ke nan. Mai sayarwar da ya ƙi gwaji ya riga ya ba mu amsa.

Kowace iri muka saya, mu wanke ta da sabulu bayan aiki, mu tsane ta sarai, mu shafa mata ɗan man gyaɗa, mu ajiye inda hannun yara ba ya kai. Allah ya tsare mana dukiyarmu da lafiyar iyalinmu, amin.