Masu dawakin bakin teku a Legas: a shirya tun kafin doka ta iso

Duk wanda ke zuwa bakin teku a Legas ranar Lahadi, ko lokacin Sallah da Kirsimeti, ya san su. Matasa ne riƙe da ragamar doki, suna kai da kawo a kan yashi, suna kiran masu shan iska su zo su hau. Mutum ya biya, a ɗora shi a sirdi, mai dokin ya ja shi a hankali zuwa can ya dawo da shi, a ɗauki hoto, shi ke nan. Yawancin masu hawan ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba sai ranar. Masu jan dawakin kuwa, da yawansu 'yan'uwanmu ne 'yan Arewa, kuma da wannan sana'a suke ci, suke aika wa gida.

Daga Suleja nake wannan rubutu. Mu nan ba mu da teku, amma muna da doki, muna kuma da tarihin da ya koya mana abin da ke faruwa da ƙaramin mai sana'a idan babban birni ya fara buɗe kafaɗa. Abin da nake hangowa shi ne sana'ar nan tana fuskantar matsi ta fuska uku: fili yana ƙarewa, riƙon doki yana ƙara tsada, sannan babu wata ƙa'ida a rubuce da za ta kare mai doki ranar da tsautsayi ya faɗa.

Yashin da ke ƙarewa

Manyanmu da suka daɗe a Ikko za su tuna Bar Beach a Victoria Island. Nan ne bakin tekun talaka, kowa ya je ya sha iska, dawaki na ta zirga-zirga. Yau babu shi. An cike wurin da yashi aka kafa sabon birnin Eko Atlantic. Kuramo da ke kusa da shi, bayan teku ya yi ambaliya ya tafi da mutane a watan Agustan 2012, gwamnati ta rushe rumfunan wurin ta kori jama'a. Wuraren da suka rage irin su Elegushi da na yankin Lekki, galibinsu suna hannun iyalai masu ƙasa ko kamfanoni, ana biyan kuɗin ƙofa, kuma mai doki ba ya shiga sai da yardar masu wurin.

Sai ga babban titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2024 ƙarƙashin Ministan Ayyuka David Umahi, kamfanin Hitech na aikin. A ƙarshen watan Afrilun 2024 aka sa katafila aka rushe gine-ginen bakin ruwa na Landmark Beach. An yi ta cacar baki a jaridu kan diyya, kan asarar masu zuba jari, kan ma'aikatan da za su rasa aiki. To amma a lura da yadda tsarin diyya yake: mai gini da mai takardar fili ake lissafawa. Yaron da jarinsa doki ɗaya ne da sirdi, ba shi da bango ba shi da takarda, a wane layi zai tsaya? Shi dai gari ya waye ya tarar an killace inda yake neman abinci, sai ya ja dokinsa ya ƙara gaba, inda wasu suka riga shi kuma ciniki bai kai ba.

Mu mutanen Suleja mun ga irin wannan da idonmu. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, daga zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau, ya kafa a 1828. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, masarautar ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da har sunanta, garin ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Da birnin ya bunƙasa, musamman lokacin rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 da hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, ina masu ƙananan sana'o'i suka nufa? Suleja da Madalla da Mararraba. Wanda ke da takarda ya samu abin kamawa, wanda ba shi da ita ya kwashi kayansa.

Doki ba ɗan Kudu ba ne

Abu na biyu, riƙon doki a Kudu wahala ne tun fil azal. Tsando da cutar sammore da yake yaɗawa, ga laima, ga ƙwarin da ke kawo cututtukan dawaki, su suka sa doki bai taɓa yaɗuwa a kurmi kamar yadda ya yaɗu a ƙasar Hausa da Barno ba. Ko daular Oyo da ta yi suna da mayaƙan doki, daga Arewa take sayo su ta ƙasar Nufe da Bargu, kuma galibi mutanen Arewa ne ke kula da su. Har yau haka abin yake. Daga kasuwanni irin su Maigatari a Jigawa da Mai'aduwa a Katsina ake sayo doki, a ɗora shi a mota, da yawa su biyo ta nan kusa da mu, mahaɗar Dikko, su bi Lambata da Bida da Mokwa da Jebba da Ilori kafin su kai Legas. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin wannan tafiya ya haura, haka dusa da harawa da gero, waɗanda su ma mafi yawa daga Arewa ake saukar da su.

Doki kuma ba babur ba ne da za ka kashe ka jingine. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sai ya ci. A lissafin likitocin dabbobi, doki na buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa kullum, ga ruwa mai daɗi da kan wuce lita 30 a rana idan ana zafi kuma yana aiki. Ciniki kuwa na ƙarshen mako ne da lokacin biki. Da damina ta sauka, bakin teku ya yi tsit. To idan kuɗi ya yi ƙasa, me ake fara ragewa? Abincin doki da magani. Daga nan sai ka ga haƙarƙari a waje, gyambo a ƙarƙashin sirdi, kofato ya tsage. Mai dokin ba mugu ba ne, talauci ne ya matse shi, amma mai ɗaukar bidiyo da waya ba zai tsaya tambayar dalili ba.

Darasin acaɓa

Nan ne fa tsorona yake. Mun ga yadda gwamnatin Legas ke yi da sana'ar da ta ga ba ta da tsari. An taƙaita acaɓa a watan Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka hana shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. Hukuncin na 2022 ya zo ne kwanaki kaɗan bayan kisan wani matashi a Lekki da aka ɗora wa 'yan acaɓa. Laifin 'yan kaɗan ya shafi dubbai, kuma mun san su wa abin ya fi taɓawa. A Satumban 2021 ma jihar ta kafa dokar hana kiwon sake. Eti-Osa ɗin nan da aka hana acaɓa, a cikinta manyan wuraren shan iskan bakin teku suke.

Yanzu a ƙaddara doki ya firgita da ƙarar kiɗa ko babur ɗin yashi, ya kayar da ɗan wani babban mutum, kai ya bugu. Ko wata ƙungiyar kare dabbobi ta yaɗa hoton ramammen doki a Instagram a tsakiyar watan Disamba, lokacin da Legas ke cike da baƙi daga Ingila da Amurka. Me zai fi wa hukuma sauƙi, ta zauna tsara sana'ar ko ta hana ta da sanarwa ɗaya? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da za a iya yi

Shawarata ta farko, masu dawaki su haɗa kansu su yi ƙungiya mai rajista, da sanin sarakunan Hausawa na yankunansu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ta riƙe cinikin goro da shanu shekara da shekaru saboda tsari: akwai maigida, akwai dillali, akwai sarki, kowa ya san wanda zai tsaya masa da wanda zai hukunta shi. Kowane mai jan doki ya samu katin shaida da riga mai lamba, ya kuma yi rajistar zama ta LASRRA. Ƙungiya ce za ta iya zama da masu wurin shan iska ta nemi yarjejeniya a rubuce: ga layin da dawaki za su bi, ga nawa za a biya, ga wa'adin da za a bayar kafin a ce a tashi. Mutum ɗaya ba zai samu wannan ba.

Ta biyu, a kafa ƙa'idar ɗora sabon mahayi, kowa ya bi ta. A duba majayi kafin kowane hawa, domin sirdi kan saki bayan an yi ta hawa da sauka. A daidaita likkafa da tsawon ƙafar mutum. A tanadi hular kwano ta hawan doki, manya da ƙanana. Kada mai doki ya saki ragama ga wanda bai iya ba, ko da ya roƙa, ko da ya ƙara kuɗi, kuma babu sukuwa a cikin jama'a. A bi jiƙaƙƙen yashi mai tauri, domin yashi mai zurfi yana gajiyar da doki yana ɓata masa jijiyar ƙafa, amma kada a shiga cikin igiyar ruwa, tekun Legas yana da ja. A zaɓi doki mai sanyin hali don wannan aiki. Ingarma mai zafin kai na hawan Sallah ne, ba na ɗora yara ba.

Ta uku, haƙƙin dabbar. Addininmu ya riga kowace ƙungiya hana ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta. Masana kan ce kada nauyin mahayi da sirdi ya wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki, kuma dawakinmu ba manya ba ne can. Ƙato biyu a kan doki ɗaya don hoto, wannan zalunci ne. A Blackpool ta Ingila, inda ake ɗora yara a kan jakuna a bakin teku fiye da shekara ɗari, hukumar gari ce ke ba da lasisi, likita na duba dabbobin kowace shekara, akwai iyakar nauyin mahayi, akwai lokacin hutu. Tsarin ne ya sa sana'ar ta daɗe duk da sukar da ake yi mata. Mu ma za mu iya: inuwa da ruwa a wurin aiki, wanke gishirin teku daga ƙafafu da yamma, hutu ga dokin da ya ji ciwo.

Na san abin da wani zai ce: Malam, wanda ke fama da kuɗin dusa, ina ya ga na hula da na likita? Gaskiya ne, kuma shi ya sa na fara da ƙungiya. Hula shida za su ishi mutum goma da ke aiki a wuri ɗaya. Likitan dabbobi idan zai duba dawaki ashirin a zuwa ɗaya, kuɗin kan kowane ya ragu. A yi adashi, a sayi harawa da dusa a dunƙule lokacin kaka da suke araha. Ga kuma ƙwararru a kusa: ƙungiyar folo ta Ikoyi, wadda ta samo asali tun 1904, cike take da 'yan barga, da yawa mutanenmu, waɗanda suka san ciwon doki da maganinsa. A nemi iliminsu.

Kuma kasuwar ba ta tsaya a yashi ba. Bikin Ojude Oba na Ijebu-Ode, da ake yi kwana na uku bayan Babbar Sallah, yana jan dawaki da mahaya masu yawa, ga hawan daba na Ilori, ga masu ɗaukar hoton aure da masu shirya fim. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, wato doki da kayan adonsa sun ƙara daraja a idon baƙi. Mai lafiyayyen doki da katin ƙungiya shi za a kira irin waɗannan ayyuka. Ko a nan gida, ina ganin matasan Suleja za su iya tsara kilisa ta masu koyo a kewayen Dutsen Zuma don mutanen Abuja da ke neman wurin zuwa ranar Asabar, in dai an bi irin waɗannan ƙa'idoji.

Ku kuma masu karatu da ke kai iyali bakin teku, akwai naku. Ku yi ciniki ku gama kafin a hau, don kauce wa rigima. Ku dubi dokin, in kun ga ƙurji ko ɗingishi ku ce a'a, ku faɗa wa mai shi dalili cikin mutunci da harshen da yake ji. Yaro ya sa takalmi rufaffe, kada ya bi ta bayan doki, kada a yi masa ihu yana sama. In an yi muku aiki mai kyau, kada ku matse ɗan'uwanku a kan farashi, domin cikin abin da kuka ba shi har da abincin dabbar.

Aikin titin gaɓar teku yana ci gaba, kuma filin da ya rage zai ƙara tsada. Kiran da nake yi ga sarakunan Hausawa da shugabannin matasa na yankin Eti-Osa da Ibeju-Lekki shi ne su kira masu dawakin nan zama kafin hada-hadar Disamba mai zuwa, a rubuta sunaye, a ƙirga dawaki, a fitar da ƙa'ida ko da shafi ɗaya ce. Ranar da hukuma ta zo da tata dokar, a ce akwai wanda zai zauna da ita da takarda a hannu. Allah ya tsare mana 'yan'uwanmu a inda suke neman halali.